Ranar da aka gama makaranta, sai ina?

Wata ranar Laraba, a danjar kan hanyar kasuwa, wani saurayi ya ƙwanƙwasa min gilashin mota yana miƙo takardar neman taimako. Ɗalibina ne, kurma, wanda ya fi kowa iya ɗinki a ajinsu. Da maganar hannu ya shaida min cewa shago huɗu ya je, ba wanda ya karɓe shi. Kunya ta kama ni, domin ni na koya masa taka keke, amma ban taɓa raka shi wurin wani tela ba.

Mu malamai da jami'an jin daɗin jama'a an horar da mu kan rubutun makafi, maganar hannu da tsara darasi. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da sashen ilimin musamman na Jami'ar Bayero suna yaye ƙwararru a wannan fanni. Abin da muke buƙatar ƙari a kai shi ne shirya yaro don rayuwar da ke jiransa a waje.

Shirin kuwa tun yana ɗan shekara 14 ya kamata ya fara. A koya wa ma'aikaci ya zauna da yaron ya tambaye shi abin da yake so ya zama, kafin ya tambayi mahaifinsa. A koya masa janye hannu, wanda shi ne ya fi mana wuya: ka bi makauniya a baya, ka bar ta ta tsare a-daidaita-sahu, ta yi ciniki, ta ƙirga canjinta, kai kana kallo zuciyarka na bugawa. Haka batun balaga, haila, aure da kare kai daga masu lalata; iyaye suna jin nauyi, mu ma muna ji, sai yaron ya tashi ba wanda ya gaya masa komai.

Ya kamata kuma ma'aikaci ya san doka. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. JAMB ma tana da tsari na musamman don makafi masu zana jarrabawa. Iyaye da yawa daga bakinmu kaɗai za su ji wannan.

Ɗalibin nan na kai shi wurin wani tela a unguwarsu. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, to ta yaya zan ce masa a rage wuyan riga?" Muka zauna daga La'asar zuwa Magariba, na koya wa telan alamomi goma: rage, ƙara, yanka, gobe, kuɗi da sauransu. Kafin ƙaramar Sallah, yaron ne ke yanka yadi a shagon.