Shayi, Gahawa da Madadinsu a Ƙasar Sanyi: Darasin da Lambu Ya Koya Mini

Gabatarwa

Masu iya magana suna cewa gani ya kori ji. Da yawa daga cikinmu ba ma shiga lacca da safe sai mun tsaya a teburin mai shayi, amma kaɗan ne suka taɓa ganin bishiyar da ganyen yake fitowa daga jikinta. Ni ma haka nake har zuwa shekarar 2016, lokacin da na je na zauna wurin yayana a wani ƙaramin gari da ke kudancin Ingila, inda na yi shekara huɗu kafin in dawo gida in shiga jami'a. Gidan yana da ɗan fili wanda bai fi faɗin ɗaki biyu ba, kuma a nan ne na gwada shuka shayi da gahawa da wasu tsirran da ake sha a madadinsu. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya yiwu, da abin da ya ƙi, da dalilin haka. Jigonta shi ne, kafin mutum ya shuka abin da ransa yake so, sai ya fara sanin abin da ƙasar wurin da yanayinta za su karɓa.

Ma'anar Ƙasar Sanyi

Abin da nake nufi da ƙasar sanyi shi ne yankunan da masana labarin ƙasa suke kira masu matsakaicin yanayi, kamar yawancin Turai da arewacin Amurka da Japan. Shekararsu ta kasu gida huɗu, kuma rabon bai yi daidai da namu na damina da kaka da hunturu da bazara ba, don haka zan riƙa ambaton watanni. A Ingila, daga Disamba zuwa Fabrairu rana gajera ce, kuma akan sami dararen da ma'aunin zafi yake sauka ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a kan ganye.

A nan ya kamata mai karatu ya bambance tsakanin wannan da sanyin Mambila ta jihar Taraba, inda ake noman shayi a Kakara. Sanyin Mambila na tudu ne, domin tsayinta ya haura mita 1,500, amma ba ta da watanni ukun nan na duhu da ƙanƙara. Wannan bambanci shi ne ya yanke wa tsirraina hukunci.

Gahawa: Wadda Ta Ƙi

Asalin gahawar da ake kira Arabika tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne. Ta fi jin daɗi a zafin digiri 18 zuwa 22, kuma ba ta da wata dabarar kare kanta daga daskarewa. Idan ruwan da ke cikin ganyenta ya zama ƙanƙara, sai ya farfasa ƙwayoyin halittar ganyen, da gari ya waye a ga ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi. Haka ta faru a watan Yuli na 1975 a jihar Parana ta ƙasar Burazil, inda sanyin dare ɗaya ya halaka gonaki, farashin gahawa ya yi tashin gwauron zabo a duniya.

Turawa sun daɗe da sanin haka. Bishiyar da birnin Amsterdam ya ba Sarkin Faransa Luwi na 14 kyauta a 1714, a ɗakin gilas aka raine ta a Faris, ba a fili ba. Ni kuwa ban san wannan tarihi ba sa'ad da na sayi dashena. Na sa shi a tukunya kusa da taga, na yi kusan shekara biyu ina lallaɓa shi har ya kai mini ƙugu. Da ya fara tare hanya sai na mayar da shi wata 'yar rumfa da ke ƙofar gida, wadda ba a ɗumama ta. A ƙarshen Fabrairun 2018 wata iska mai tsananin sanyi ta taso daga gabas ta rufe Ingila da dusar ƙanƙara. Kwana biyu kawai aka yi, ganyen ya zube duka. Yaya ya dubi sandar da ta rage ya ce, "Ƙanena, baƙon da ya zo daga Habasha ka kwantar a waje?" Na yi dariya, amma abin ya yi mini ciwo.

Darasin shi ne, a ƙasar sanyi gahawa shukar cikin ɗaki ce. Tana son haske ba tare da rana ta buge ta kai tsaye ba, tana son danshi a iska, kuma sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin ta yi fure. Ko a gonar da ta dace da ita, bishiya ɗaya kimanin rabin kilo take bayarwa na soyayyar gahawa a shekara, balle a tukunya. Wanda ya shuka ta don ado ya yi daidai. Wanda ya shuka ta don ya daina saye, zai daɗe yana jira.

Shayi: Wanda Ya Yarda

A daren da gahawa ta mutu, dashen shayina guda biyu suna waje, dusar ƙanƙara ta lulluɓe su, amma bakin ganyensu kawai ya ƙone. Dalili kuwa shi ne, bishiyar shayi, wadda masana suke kira Camellia sinensis, iri biyu ce. Akwai ta Sin mai ƙananan ganye, wadda idan ta kafu takan jure sanyin da ya kai kusan digiri 10 ƙasa da sifili. Akwai kuma ta Asam da ke Indiya mai faffaɗan ganye, wadda zafi da ruwa take so. Ta Sin ita ce ta ƙasar sanyi.

Shaidar haka tana nan a fili. A lardin Rize na Turkiyya, a gaɓar Bahar Aswad, dusar ƙanƙara takan sauka a kan gonakin shayi, kuma tun 1947 aka buɗe masana'antar shayi ta farko a can. A tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, gonar Gorreana tana sarrafa shayi tun 1883. A Ingila kanta, gandun Tregothnan da ke Konwal ya fara dasa shayi a 1999, ya fara sayarwa a 2005.

Ga abubuwan da na ga suna da muhimmanci ga mai son gwadawa:

1. Ƙasa. Shayi ƙasa mai tsami yake so, wato mai ma'aunin pH 4.5 zuwa 5.5. Ƙasar garinmu alli ya yi mata yawa, kuma alli yana hana saiwa jan sinadarin ƙarfe, sai ganye ya koma ruwan ɗorawa. Da na ga haka sai na mayar da su manyan tukwane, na zuba ƙasar da ake sayarwa musamman domin tsirrai masu son tsami.

2. Ruwa. Ruwan famfon yankin ma da alli a cikinsa, don haka na ajiye ganga ina tarar ruwan sama. Shayi yana son danshi kullum, amma ruwa ya kwanta a gindinsa ruɓa saiwa yake yi.

3. Wuri. A ajiye shi a jikin katanga inda iska ba ta dukansa. A watannin sanyi a naɗe tukunyar da buhu, domin saiwar da ke tukunya ta fi ta ƙasa saurin daskarewa.

4. Haƙuri. Ba a tsinkar ganye sai bishiya ta shekara uku. A riƙa datse kanta domin ta yi rassa ta tsaya daidai ƙugu.

Yadda Ake Sarrafa Ganyen

Na fara tsinka a watan Mayun 2019. Ƙa'idar ita ce a ɗauki toho da ganye biyun da ke ƙarƙashinsa. Baƙin shayi da kore duk daga bishiya ɗaya suke, sarrafawa ce ta raba su. Kowa ya san yadda goro yake sauya launi idan an ɓare shi iska ta shige shi. Abin da ke faruwa da ganyen shayi ke nan.

Idan baƙi ake so, sai a shanya ganyen a inuwa ya kwana ya yi yaushi, a murza shi da tafin hannu har ruwansa ya fito, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle awa biyu zuwa uku har ya yi ja, sannan a busar a tanderu da wuta kaɗan kamar minti ashirin. Idan kore ake so, irin wanda Buzaye suke dafawa a 'yar buta, sai a jefa ɗanyen ganyen a kasko mai zafi minti biyu ko uku tun kafin ya sauya launi, a murza, a busar.

Sai dai kada a yi zaton abin kirki za a tara. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen ganye ne suke ba da kilo ɗaya na busasshe. Duk abin da na samu a waccan shekarar bai wuce na kofi ashirin ba.

Madadinsu

Wannan ɓangare shi ne ya fi yi mana amfani, kuma lalura ce ta kai mu. Yaya aikin dare yake yi, kuma ya saba da gahawa mai kauri har kofi biyar. Da barci ya fara gagararsa, gabansa yana yawan faɗuwa, likita ya umarce shi da ya rage kafeyin, wato sinadarin da ke cikin gahawa da shayi da goro mai hana barci. Barin sabo da wuya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ba ni irin cikori, wata shuka mai shuɗin fure da doguwar saiwa kamar karas.

Cikori 'yar gida ce a Turai. Shan saiwarta ya bazu a Faransa bayan 1806, lokacin da Napoliyon ya hana ciniki da Ingila, gahawa ta yi wuyar samu. Ana shuka ta a Mayu, a tone a Oktoba, a wanke saiwar, a yayyanka ƙanana, a busar, a gasa har ta yi launin ƙasa mai duhu, sannan a daka. Tana da ɗaci da ƙamshin ƙuna irin na gahawa, amma babu kafeyin a cikinta ko kaɗan. Yaya ya fara da gaurayawa rabi da rabi, yana ƙara cikori a hankali. Da farko yakan ce, "Wannan ai sunan gahawa kawai ta ara." Bayan wata biyu shi da kansa yake tambaya ko da saura.

Haka ake yi da saiwar dandeliyon, ciyawar da Turawa suke cirewa su yar. Italiyawa kuma soyayyen sha'ir suke dafawa, al'adar da ta yi ƙarfi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A madadin shayi kuwa babu kamar na'ana'a: ganyenta yakan mutu da sanyi, ta sake tohowa a Maris ko Afrilu. A tukunya za a sa ta, in ba haka ba ta mamaye lambu. Gargaɗi a nan shi ne, kada a sha tsiron da ba a tabbatar da shi ba, kada a tono na bakin titi ko inda aka yi feshi, sannan mai juna biyu da mai shan magani su tuntuɓi likita.

Kammalawa

A taƙaice, maƙalar ta nuna cewa a ƙasar sanyi gahawa ba ta rayuwa sai a ɗaki, shayin Sin yana rayuwa a waje idan an ba shi ƙasa mai tsami da shekara uku, madadinsu kuwa su ne masu cika kofi ba tare da wahala ba. Da na dawo gida sai na lura mu ma muna zaune a kan namu. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, mutanen kudancin ƙasar 'ya'yan kuɓewa suke soyawa su sha a madadin gahawa, ga shi kuwa kowace kaka muna da busasshiyar kuɓewa a gona. Ga zoɓo, ga citta, ga kanumfari, ga ƙwallon dabino da muke zubarwa. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya tambayi tsofaffin gidansu abin da suke dafawa su sha kafin ganyen kanti ya iso garinsu, ya rubuto sunayen da yadda ake haɗawa. Tsirran shayina biyu suna can wurin Yaya, kuma a watan Mayun kowace shekara yakan aiko mini da hoton sabon tohonsu.