Me Ya Sa Rediyon Mota Ke Shaƙewa Idan An Ƙure Shi?

Rediyon da kamfani ke haɗo mota da shi, da zarar an ƙure muryarsa sai sauti ya dusashe, lasifika ta kama karkarwa. Asalin matsalar a batir take. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, juriyar lasifikar mota kuwa galibi om 4 ce. In ɗalibi ya buga lissafi, zai ga iyakar abin da rediyon ke iya tura wa kowace lasifika wajen wat 18 ne, ko da an rubuta wat 50 a jikin kwali.

Amfilifaya tana da wani sashe mai ɗaga bolt 12 ɗin nan zuwa 30 ko fiye, shi ya sa take iya ba da wat 100 sauti bai gurɓace ba. Sai dai kunne ba ya bin wannan lissafi. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Sai an ninka sau 10 kafin mai sauraro ya ji ƙarar ta ninku.

A kula kuma: amfilifayar da aka tilasta wa abin da ya fi ƙarfinta gurɓataccen lantarki take aikawa. Siririyar wayar da ke naɗe a tsakiyar maganaɗisun lasifika sai ta yi zafi har ta ƙone.