Yadda Ake Juya Tsofaffin Hotunan Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi sa'ad da nake gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Jalingo, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Ran nan hedimasta ya kira ni ofis, ya ba ni wani tsohon faifan CD. Ya ce a ciki akwai hotunan makarantar, da taswirar Jihar Taraba wadda wani malami, marigayi, ya zana da hannunsa bayan an cire jihar daga Gongola a 1991, aka ɗauki hotonta aka sa a kwamfuta. Sun yi sun yi su buɗe, abin ya gagara. Da na duba, sai na ga sunayen fayilolin sun ƙare da PCX, waɗansu da TIF, waɗansu kuma da GIF.

To, mene ne amfanin waɗannan haruffa? Su ke nuna tsarin da aka bi aka rubuta hoton. Kamar wasiƙa ce. Ana iya rubuta ta da ajami, ana iya rubuta ta da boko. Maganar ɗaya ce, amma wanda bai koyi ajami ba sai an juya masa. Haka kwamfuta take. Kamfanin ZSoft na Amurka ya fito da PCX a 1985, Aldus ya fito da TIFF a 1986, CompuServe kuwa ya kawo GIF a 1987. Daga baya JPEG ya zo a 1992, PNG kuma a 1996. Wayoyinmu sun san JPEG da PNG da GIF, amma galibinsu ba su san PCX ba.

Sai ku lura, halinsu ba ɗaya ba ne. PCX da PNG suna riƙe kowane ɗigo na hoto yadda yake. JPEG kuwa yakan zubar da wani abu don fayil ya yi sauƙi, kamar mai tankaɗe da ke zubar da tsaki. A hoton fuskar mutum da wuya ido ya gane, amma a siririn layi da ƙananan rubutu sai ɓarna ta fito fili. Kuma duk sa'ad da aka gyara shi aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani abu. Shi kuma GIF ba ya ɗaukar launi fiye da 256.

Ni ban san wannan ba. Na kwafe fayilolin a filashi, na buɗe su da wata manhaja mai suna IrfanView, na juya su duka zuwa JPEG, na kuma matse su ƙwarai don su aiku ta waya. Sa'an nan na goge na asalin don in sami wuri. Da na buga taswirar zan koyar da 'yan aji biyar, sai na ga Kogin Binuwai ya fito, amma sunayen garuruwa sun dushe, Wukari da Takum da Gembu ba su karantuwa. Na koma ga faifan, ashe ya karce, ya ƙi buɗuwa. Da na sani ƙeya ce. Hedimasta bai yi mini faɗa ba, ya dai daɗe yana duban takardar, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Ga abin da na koya. Na farko, kada ka goge na asali, ka ajiye shi wuri biyu kafin ka taɓa kome. Na biyu, sauya haruffan ƙarshen suna ba juyawa ba ne, sai ka buɗe hoton da manhaja irin su IrfanView ko GIMP ka ajiye shi cikin sabon tsari. Na uku, taswira da zane da rubutu a juya su zuwa PNG, JPEG kuwa a bar shi don kwafin da za a aika. Na huɗu, mai da JPEG zuwa PNG ba ya komo da abin da ya riga ya zube. Na biyar, ka faɗaɗa sabon hoton ka karanta rubutu mafi ƙanƙanta kafin ka ce ka gama.

Gobe mu ne za a danƙa wa kayan makarantu, kuma amana ce. Allah ya ba mu ikon riƙewa.