Amsoshin Tambayoyinku: Ya Dace a Ciyar da Rakun da Ofosum?

Wata mai sauraronmu da ke zaune a Amurka tana tambaya ko ya dace ta riƙa ajiye wa dabbobin da ake kira rakun da ofosum abinci a bayan gida.

To Hajiya, ki kalle su ta taga, amma don Allah kada ki ciyar da su. Rakun, mai baƙi kewaye da idanu kamar ya sha kwalli, da yatsunsa yake buɗe murfin kwandon shara. In ya saba, sai ya daina tsoron mutane, ga shi yakan ɗauki cutar haukan kare, musamman a gabashin ƙasar. Kashinsa ma yakan ƙunshi ƙwayayen tsutsa masu illa ga yara.

Ofosum kuwa ba kasafai take kamuwa da haukan ba. A aljihun cikinta take renon 'ya'yanta, in ta firgita sai ta sheme kamar matacciya. Don kada su saba zuwa neman abinci, ki danne murfin shara, ki shigar da kwanon kyanwa kafin magariba.