Yadda Ake Kama Gidan Haya a Dubai

A Dubai, duk alkawarin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Wanda ya samu izinin zama kuma yake son kama gida, ga matakan da zai bi.

1. Lissafa kuɗin shiga. Ban da kuɗin haya, akwai la'adar dillali, wadda bisa al'ada kashi 5 cikin ɗari ce na hayar shekara. Akwai kuɗin ajiya na kashi 5, ko kashi 10 idan gidan da kayansa. Hukumar wuta da ruwa, DEWA, tana karɓar ajiyar dirhami 2,000 a gidan bene, sannan tana raba harajin gida na kashi 5 na hayar shekara a takardar kowane wata. Ka tambaya ko kuɗin sanyaya gida yana cikin haya, domin da bazara shi ne ke cinye aljihu.

2. Tantance dillali da mai gida. Dillalin gaskiya yana da katin hukumar kula da harkar gidaje, RERA, mai lamba. Ka nemi ganin takardar mallakar gidan, ka gwada sunan da ke jikinta da na fasfon mai gidan. Kada ka ba da ko sisi kafin ka shiga gidan da ƙafarka.

3. Yi ciniki kan yawan cak. Yawanci ana biyan hayar shekara da cak ɗaya zuwa huɗu, kowanne da ranar da za a kai shi banki. Mai biya da cak ɗaya ya fi samun ragi, amma kada kwaɗayin ragi ya sa ka rubuta abin da asusunka ba zai ɗauka ba. Sunan mai gida za ka rubuta, ba na dillali ba.

4. Karanta yarjejeniya layi-layi. Wa zai gyara famfo in ya tsiyaya? Nawa ne tara idan ka tashi kafin wa'adi? In an ce za a yi fenti, a sa a takarda.

5. Yi rajistar yarjejeniyar haya, wato Ejari. Ana yin ta a manhajar Dubai REST ko a cibiyoyin da aka amince wa. Sai da ita ake haɗa maka wuta da ruwa, da ita kuma ake neman bizar iyali. Shi ya sa ɗakunan da ake yankawa da katako a wasu benayen unguwar Deira suke da haɗari: ka biya, amma hukuma ba ta san da zamanka ba.

6. Ɗauki hoto ranar shiga. Tsagewar tayil, tabon bango, ƙofar kabad da ta karkace, duk ka ɗauka ka tura wa mai gida ta imel tun ranar.

7. San iyakar ikon mai gida. Ba zai ƙara haya ba sai ya sanar da kai kwana 90 kafin yarjejeniya ta ƙare. Wata doka ta 2013 ta ɗaure ƙarin da ma'aunin RERA: idan tazarar hayarka da farashin unguwa ba ta wuce kashi 10 ba, babu ƙari, kuma komai tazarar, ƙarin ba ya wuce kashi 20. In zai tashe ka don sayar da gidan ko don ya zauna da kansa, sai da sanarwar wata 12 ta hannun notari ko wasiƙar rajista. Bai da ikon yanke maka wuta ko ruwa.

8. In rigima ta taso, kada ka daina biya don fushi, hakan shi zai ba shi hujja a kanka. Ka kai ƙara Cibiyar Sasanta Rigingimun Haya. Kuɗin shigarwa kashi 3.5 ne na hayar shekara.

Ranar tashi, ka biya takardar DEWA ta ƙarshe, ku zagaya gidan tare da mai gida da hotunanka a hannu, ya sa hannu cewa ya karɓi makullai, sannan ka nemi kuɗin ajiyarka.