Amsar Tambaya: Kurajen Fuska Sun Hana Ni Sakat

Tambaya: Anti, shekaruna 19, ina zaune a tsakiyar birnin Greensboro da ke Amurka. Kuraje sun cika mini fuska, duk wanda ya warke sai ya bar baƙin tabo. Ina mafita?

Amsa: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ba ƙazanta ce ta jawo su ba. Maiƙon fata ne da matattun ƙwayoyinta ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Sinadaran jiki na lokacin balaga da gabanin al'ada suna ƙara maiƙon, gumin bazarar Greensboro kuma yana tsananta abin.

Ki riƙa wanke fuska sau 2 a rana da sabulu mara ƙarfi, ba tare da dirza ba. A kantin magani kamar CVS ko Walgreens, ki nemi benzoyl peroxide, ko Differin, wanda tun 2016 aka amince a riƙa sayar da shi a Amurka ba sai da takardar likita ba. Ki shafa kaɗan, ki jure mako 8 zuwa 12 kafin ki yanke hukunci. Mai ciki kada ta taɓa Differin.

Abin da ya fi damuna shi ne man bilicin da ake aikowa daga gida don goge tabo. Da yawansu na ɗauke da sinadarin siteroid, mai ƙara kuraje da sirantar da fata. Ki rabu da su, ki daina matsa kurajen, ki riƙa shafa man kariya daga rana.

Idan kurajen manya ne masu zafi, don Allah ki ga likitan fata tun kafin su bar miki rami.