Na sayar da suna dala 400, amma har yanzu bashin Baba na kaina

Malam,

Ni matashi ne ɗan shekara 27 daga Jajimaji, ƙaramar hukumar Karasuwa, jihar Yobe. Na yi karatun kwamfuta a Gashuwa, yanzu ina riƙe da ɗan shagon POS da cajin waya a bakin titin da ya taso daga Nguru.

Shekara uku ke nan da wani abokin karatuna ya koya mini sayen sunayen shafukan intanet, abin da muke ce wa domen. Za ka yi wa suna rajista da araha, ka kai shi kasuwar intanet, ka jira ranar da wani kamfani zai neme shi. Da biyar na fara. Shekarar da riɗi ya yi kyau na roƙi Baba ya ranta mini kuɗi, na ƙara har suka kai 40, duk masu .com. Ranar da zai ba ni kuɗin ya ce in nuna masa hajar. Na miƙa masa wayata, ya bi jerin sunayen da ido, ya juya bayan wayar ya duba, sannan ya miƙo mini ya ce, "Allah ya sa albarka." Bai ƙara ko kalma ba.

Sai bana aka sayi guda ɗaya, dala 400. Daren nan ban runtsa ba don murna. Amma kasuwar ta cire la'adarta kashi 25 cikin ɗari, alhali lokacin da abokina ya fara ko rabin haka ba a cira. Masu turo kuɗin suka yanki nasu, wajen canji aka ƙara yanka, abin da ya iso hannuna bai wuce naira 430,000 ba. Ga shi lokacin sabunta rajista ya matso, ana neman kusan naira 660,000, banda harajin VAT. Ta bara da ribar shago na biya. Kuma ina jin ana cewa sabuwar dokar haraji za ta bi duk kuɗin da ya shigo wa mutum daga waje.

Malam, in canja kasuwa ne, ko in haƙura da sana'ar? Baba bai taɓa yi mini maganar kuɗinsa ba, kuma shirun nan ya fi damuna.

Naka,
Mai shago daga Jajimaji

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da bashin mahaifinka.

Ka zo da ƙarar dillali, kuma ƙararka tana da tushe. Kasuwannin nan sun yi ta haɗiye juna. A 2022 kamfanin GoDaddy na Amurka ya sayi kasuwar Dan.com, wadda aka sani da la'adar kashi 9 cikin ɗari, kuma daga Fabrairun 2023 ya daidaita la'adar kasuwanninsa: kashi 15 ga wanda ya jingina sunansa da shafukansu na talla, kashi 25 ga wanda bai yi haka ba. Dillalai in suka ragu a kara, mai dabba ba ya da ta cewa. Don haka ka shiga asusunka a kasuwar da kake, ka karanta sharuɗɗanta da kyau, domin da yawansu suna da matakin la'ada fiye da ɗaya, kuma wani lokaci gyaran da bai fi na minti goma ba ne ya raba ka da mai sauƙin.

Sai dai na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba la'ada ce ke cin ka ba. Ko da ba a cire maka ko sisi ba, dala 400 ce ta shigo. Sabunta sunaye 40 a kan dala 11 kowanne ya kama dala 440, kowace shekara, ko an saya ko ba a saya ba. La'ada ranar ciniki kaɗai take cizo, amma sabuntawa ba ta fashi. Ka dubi mai kiwon ragunan layya a unguwarku. In ya ɗaure 40 ya sayar da ɗaya a shekara uku, me zai fi ci masa rai, abin da dillali ya karɓa ko dusa da harawar da sauran 39 suka cinye? Rago ma ya fi, don in ya ƙi sayuwa ana iya yankawa a ci nama. Sunan da babu mai so, in ka daina biya sai ya fita daga hannunka, shi ke nan. Tsofaffin 'yan wannan harka kan ce a cikin sunaye ɗari, ɗaya ko biyu ake sayarwa a shekara. Kai da ke da 40, ciniki ɗaya a shekara uku ba rashin sa'a ba ne, haka kasuwar take tafiya.

Dusar kuma tsada take ƙarawa ta fuska biyu. Kamfanin Verisign, wanda ke riƙe da rajistar .com ta duniya, ya ɗaga farashin sari daga dala 7.85 zuwa 8.39 a 2021, ya ci gaba da ƙari duk shekara har ya kai dala 10.26 a Satumbar 2024. Wannan bai kai faɗuwar naira zafi ba. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Kai da naira kake cajin waya, da dala kake ciyar da sunaye.

Batun haraji, kwantar da hankalinka. VAT tun Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, kuma daga 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar wa 'yan Najeriya hidimar intanet su riƙa karɓarsa, shi ya sa kake ganinsa a rasit. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara. Ka lura da abu biyu. Ana haɗa duk abin da ka samu ne, har da ribar shago. Sannan mai sana'a riba ake bi masa, ba duk abin da ya faɗo asusu ba, amma sai ya iya nuna abin da ya kashe. Sayi littafi mai kauri, ka rubuta kowane suna, ranar saye, kuɗin sabuntawa da la'adar da aka cire, ka adana rasit. Harajin mutum irinka na hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Yobe ne. Ka je ofishinsu da littafinka ka yi tambaya, ya fi jita-jitar majalisa.

Ga abin da zan yi da ni ne. Kafin ranar sabuntawa ka zauna da jerin nan, ka tambayi kanka a kan kowane suna: an taɓa taya shi? Zan iya lissafa kamfani biyar da zai yi wa amfani? Wanda ya faɗi tambayoyin nan biyu ka sake shi, ko da kai ka ƙirƙiro shi kana ji da shi. Ina zaton ba za su wuce takwas ba su rage. Takwas dala 88 ce, wajen naira 132,000 in mun ɗauki dala a 1,500. Daga kuɗin cinikinka sai ya rage maka kusan 300,000.

Kada ka bar sana'ar, ka dawo da ita gida. Ilimin da ke kanka yana da masu buƙata kusa da kai: masu sarin riɗi da ƙaro a Nguru da ke son hulɗa da kamfanonin Kano da Legas, makarantun kuɗi da ɗakunan shan magani a Gashuwa, masu bandar kifi da ke lodi zuwa kudu. Ba suna za ka kai musu tsirara ba. Ka haɗa musu suna, da ɗan shafi mai hoton kaya da lambar waya, da adireshin imel mai sunan kamfaninsu, su riƙa biyanka duk shekara don kulawa. Sunayen .ng da .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, da naira ake biyansu wajen dillalanta na cikin gida, kuma .com.ng ya fi .com araha. Babu mai cire maka kashi 25 a cinikin da ka ƙulla gaba da gaba. Ka dai kula wajen zaɓen suna da Hausa, don yawancin mutane ba sa buga ƙ da ɗ da ɓ a adireshi. Mai sayar da ƙaro zai tarar sunansa ya koma karo.

Gargaɗi ɗaya: ka yi rajistar da sunan mai kamfanin, kuma kada ka kuskura ka riga wani kamfani ko wani sananne kama sunansa don ka matsa masa ya fansa. Sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun.

Saura Baba. Dattijon da ya juya bayan waya yana neman haja ya san abin da yake yi, ya ga babu, amma ya ba ka saboda kai ne. Kada ka jira babban ciniki kafin ka tunkare shi. Ɗauki littafin da abin da ya rage na kuɗin, ka same shi bayan sallar isha'i in gida ya yi shiru, ka ajiye masa a gaba, ka gaya masa nawa ya shigo, nawa ya fita, da lokacin da kake sa ran cika masa saura. Manomi ne, ya san shekarar da gona ba ta mayar da iri.

Ka sake rubuto mana bayan kaka, mu ji sunaye nawa ka rage da kuma mutum nawa ka yi wa shafi a Nguru da Gashuwa. Allah ya buɗa.